Yadda Na Yanke wa Mai Rago Hukunci

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da su. Ba zan ce ga ta nan ga ta nanku ba, don wannan ba sai an ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo, ta same ni a tsakar gidana, da rana, a gaban surukai.

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin jikata Rabi ba, a nan Tsafe. Amma kafin mu kai ga bikin, sai na faɗa muku yadda aka yi ake kirana Inna Alkaliya, domin wanda bai san tsawon itace ba, ba zai gane nisan faɗuwa ba.

Ni ban yi boko ba, allona ma bai wuce abin da zan yi salla da shi ba. Amma bayan rasuwar malam, lokacin ina da sauran ƙarfi, na yi shekaru ina tuyar ƙosai a Gusau, a gindin wata bishiya da ke jikin tagar kotun alkali. Da safe ciniki ne, ba na jin komai sai ƙarar mai da "Inna, a ƙara yaji." Sai hantsi ya dubi ludayi, masu saye sun watse, sannan in sauke kasko, in jingina da bango, in kasa kunne.

A jikin bangon nan na koyi cewa ɓarna 'ya'ya uku gare ta, uwa ɗaya, uba kowa da nasa: tsautsayi, da ganganci, da sakaci. Tsautsayi shi ne wanda ba a hango ba, kuma ba mai iya hangowa, kamar aradu ta faɗo kan saniya. Wannan sai a ce Allah ya kiyaye gaba, kowa ya kama gabansa. Ganganci shi ne mutum ya ga rami ya tura ɗan'uwansa. Sakaci kuwa shi ne ɗan tsakiya, kuma shi ya fi cika kotu. Ba ka yi nufin cuta ba, amma ka sani, ko ya kamata ka sani, ka naɗe hannu. Katangarka ta tsage, maƙwabci ya ce ka gyara, ka ce sai bayan kaka, ta faɗo kan jakin mutane. Ka haƙa rijiya a bakin hanya, ba ka rufe ba. Akuyarka ta kwana a gonar wani lokacin da ya kamata tana turke. Alkali ba ruwansa da kyan zuciyarka. Abin da yake tambaya shi ne, mai hankali, in shi ne a matsayinka, me zai yi?

Da ƙafafu suka gaji, ɗana Mamman ya ɗauko ni ya dawo da ni Tsafe. Na zo da kaskona da shari'ata. Kasko ya yi tsatsa, shari'a ba ta yi ba. In kaza ta kifar da man gyaɗar wata, ina wurin. In yaro ya fasa tulun maƙwabta, ina wurin. (Sai daga baya na lura cewa yawanci ba kirana ake yi ba, zuwa nake yi.)

To, akwai wani ɗan farin rago da tunkiyata ta haifa mini. Ragon nan yana da hali guda. Ba ya taɓa wanda ke tsaye. Ka yini a tsaye a gabansa, sai dai ya yi ta tuƙa, ido a ƙasa, kamar dattijo yana lazimi. Amma duk wanda ya duƙa ya ba shi baya, to ya ba shi izini. Ya same ni ina hura wuta, na yafe. Ya same ni ina shara, na yafe. Ranar da ya same ni a ruku'u, ya kai ni sujada ban shirya ba, na ce zamanmu ya ƙare. Na aika shi kiwo Bilbis, wurin Sanda, ɗan ƙanwata. Ya yi damina biyu a can, har na manta kamanninsa, ga shi kuma yanar ido ta fara rage mini gani.

Da bikin Rabi ya ƙarato, na yi niyyar ragon nan shi ne gudummawata: a yanka shi washegarin kai amarya, a soya, a bi ta da shi Bungudu, garin mijinta. Na sa Mamman ya kira mini Sanda a waya. Sanda ya ce ragon fa ya zama wani abu, igiya ba ta yi masa kwana biyu, sai a tanadi sarƙa ko sabuwar igiya mai kauri. Na ce masa rago dai rago ne. Akwai tsohuwar igiyar guga rataye a jikin rumbu, ga turke nan a bayansa. Igiyar da ta yi shekaru tana jan guga cike da ruwa, ba rago ne zai gagare ta ba. Ya sake cewa, anya kuwa, Inna? Na tuna masa cewa ni na goyi uwarsa. Muka tsayar da magana zai kawo shi ranar Lahadi, washegarin yini, na cire zancen daga raina.

Saura mutum ɗaya ku sani. Malam Iro maƙwabcinmu ne, dannin kara ne kawai tsakaninmu, kuma dannin yana da ɓaraka daidai bayan rumbuna. Mutum ne mai sanyin magana, harawa da dusa yake sayarwa. Shi ma yana da farin rago, mai yawo, wanda ya sha biyowa ta ɓarakar nan ya cinye mini shanya. Duk sanda na yi magana, sai ya ce a yi haƙuri, dabba ce. Na daɗe ina ajiye da shi a raina, ina jiran rana.

Ranar Asabar, bayan azahar, 'yan ɗaukar amarya suka iso daga Bungudu. Jagorarsu Hajiya Kulu ce, gwaggon ango, mace mai jiki, mai haƙorin Makka, wadda ba a yanke magana a danginsu sai da ita. Ni ina ɗaki da Rabi ina yi mata nasiha. Kuma don ku ji ikon Allah, nasihar a kan sakaci ce: ta riƙa rufe tukunya, ta riƙa kashe garwashi, kada ta bar ruwan zafi inda yaro zai kai hannu. Ina cikin faɗa mata cewa ɓarna ba ta sallama, sai muka ji wani abu kamar buhun masara ya faɗo daga amalanke. Sai salati. Sai mata suna ta cewa farin rago, farin rago.

Kafin in laluba takalmina in fito, samari sun kora ragon waje. Hajiya Kulu na zaune a kan tabarma, goggoro a gefe guda, buta a wani gefen, wuyan hannunta na dama ya kumbura. Ashe ta je bakin rariya ne, kusa da rumbu, za ta yi alwalar la'asar, ta duƙa wankin ƙafa. Aka kira maɗori, ya taɓa, ya ce karaya ce, ya ɗaure da karare.

Hajiya Kulu babbar mace ce. Tana cije leɓe ta ce, "Tsautsayi na, ba ya wuce rana tai. Na yafe. A ci gaba da biki."

Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Kowa ya ce alhamdulillahi. Mamman, daga bakin zaure, ya ce Allah ya saka da alheri, ya faɗa da sauri, saurin da ya kamata in yi tunani a kansa. Amma ni abu biyu ne a raina. Na farko, mutanen Bungudu za su koma gida su ce a gidan su amarya aka karya Hajiya, sunan kuma ya bi Rabi ɗakin mijinta, ta zama 'yar gidan da aka karya Hajiya har ta tsufa. Wannan ban yarda da shi ba. Na biyu, na ji an ce farin rago, kuma na san wanda yake da farin rago da hanya ta bayan rumbu. Na ga dama ta wanke sunan gidana in shanya laifin a dannin maƙwabci, duk a yini ɗaya.

Na ce a dakata. Na sa aka kawo turmi aka kifa, na zauna a kai. (Alkali ba ya shari'a a tsaye.) Na ce a kira mini Malam Iro. Ya zo ya tsaya a bakin zaure inda maza ke tsayawa, kusa da Mamman. Na jiyo muryar Sanda ma a cikinsu, na ce a raina yaron kirki, ya zo biki tun yau. Mata suka yi da'ira, na gida da na Bungudu, masu tuwo suka bar muciya a tukunya.

Na fara da Hajiya. Na ce yafiyarta mun gode, amma ba ta zauna ba, domin wanda bai san wa ya yafe wa ba, bai yafe wa kowa ba. A nemo mai laifi tukuna, sannan ta yafe ko ta riƙe. Hajiya ta dube ni, ta ce to.

Na tambayi waɗanda suka gani. Wata ta ce ragon ya daɗe a tsaye a jikin rumbu da guntuwar igiya a wuya, mutane na wucewa, bai kula kowa ba, ido a ƙasa. Sai da Hajiya ta duƙa, sannan ya ja da baya, ya auna. Na girgiza kai, irin girgizawar da na gani ta taga. Na ce to wannan ba tsautsayi ba ne, kada wanda ya sake kiran sunan tsautsayi a gidan nan. Ragon da ke jiran mutum ya duƙa ba yau ya fara ba, kuma mai shi ya sani.

"Ni da kaina na taɓa yin irin wanga rago," na ce. "Da na ga halinai, na fitar da shi cikin mutane, na kai shi ƙauye. Haka mai hankali ke yi."

Na juya fuskata wajen Malam Iro. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Gaskiya ta, Inna."

A nan Mamman ya fara tari. Ya yi tari, ya yi gyaran murya, da ya ga ban kula ba, ya ratso mata ya durƙusa kusa da turmi, ya ce in taimaka in shiga ɗaki, akwai maganar da zai faɗa mini. Na ce masa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, alkali ba ya shiga ɗaki da kowa ana tsakar shari'a, ko da ɗan cikinsa ne. Na ɗauka nauyin maƙwabci yake ji. Har na ji haushi a raina cewa na haifi ɗa mai tsoron gaskiya. Ya koma bakin zaure yana tafiya kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Sai Hajiya Kulu ta sake buɗe mini wata ƙofa, ko da yake ita ma ba ta san ƙofa take buɗewa ba. Ta ce ai ita ma da nata, ta ga ragon da idonta, kuma ta duƙa a gabansa. Na ce ko kusa. Baƙo ko da ido makaho ne. Rago na gari ana duƙawa a gabansa kullum, ba abin da ke faruwa, ita ina ta san wannan ba na gari ba ne? Wanda ya san hali shi ke da nauyin tsarewa. Kuma ranar biki ce, gida cike da mata, ga lokacin salla, wane ne bai san za a duƙa ba? Na ce Hajiya ba ta da ko ƙwayar gero a laifin nan. Mutanen Bungudu suka yi ta cewa Allah ya ƙara basira. Na gyara zama a kan turmi.

Sannan Sanda ya yi magana daga zaure, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ƙila laifin wanda ya ɗaure ragon ne, ba na mai shi ba, a ɗora wa wannan ɗin kawai a huta. Na ce tambaya ce mai kyau, kuma ta sha zuwa gaban alkali. Na ce shi wanda ya ɗaure, ya faɗa wa mai ragon cewa igiyar ba za ta riƙe ba, ko bai faɗa ba?

Sanda yaro ne da ba ya ƙarya, tun yana ƙarami abin ke ba shi wahala.

"Ya faɗa," in ji shi.

"Sau nawa?"

"Sau biyu, Inna."

(Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba. Na ɗauka a waje ya ji.)

Na ce to ɗan aike ya fita. Wanda ya yi gargaɗi aka ƙi ji, ya sauke nauyi, nauyi ya koma kan wanda ya toshe kunne. Na ƙara da cewa wannan sakaci ne da ya girma har ya fara kama da wansa ganganci. Na ji daɗin maganar nan, har na maimaita ta.

Sai Malam Iro, cikin ladabi, ya ce to yanzu mene ne hukuncin mai ragon, don a sani.

Na ce hukunci ba wuya. Ladan maɗori nasa ne. Rago a yanka shi, nama na Hajiya. Sannan, tunda hannun dama ya karya mata, shi zai zama hannun damanta, ko ya ba da mace daga gidansa: a dama mata fura, a yi mata wanki, a ɗaura mata kallabi, har ranar da za a kwance karare. Kuma kafin duk wannan, ya tashi tsaye gaban jama'a ya ba da haƙuri da bakinsa. Ina faɗa ina hango matar Malam Iro a Bungudu tana wankin zannuwa.

"A maimaita, Inna," in ji Malam Iro. "Na baya ba su ji ba."

Na maimaita, na ɗaga murya. Na ce kun shaida? Gida ya amsa, mun shaida.

Da na tsaya a nan ma, da akwai sauran rufin asiri na ɗan lokaci. Amma a kotu na ga ana kawo abin da aka yi ɓarna da shi a ajiye gaban alkali, don haka na ce a kawo igiyar. Aka ciro guntun daga wuyan ragon aka sa mini a hannu. Tunda ido ba ya yi, yatsu na sa. Igiya ce tsohuwa, ta ruɓe, tana marmashewa, tana warin rijiya. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Wanda ya ce a ɗaure rago da wagga igiya," na ce, "ko kaza bai kamata a ba shi amana ba."

Yatsuna suka ci gaba da tafiya a kan igiyar, su kaɗai, har suka ci karo da wani ƙulli. An haɗa wurin da tsumman atamfa. Na san ƙullin nan. Na san tsumman ma, gefen tsohon zanena ne, ni na yage shi ranar da guga ya faɗa rijiya. Yatsu suka gane, suka aika wa zuciya, zuciya ta tsaya cak. Amma baki bai sami labari da wuri ba. Baki ya riga ya juya wajen zaure yana cewa, Malam Iro, ragonka...

"Inna," in ji Malam Iro, "ragona ai da shi munka yi layya. Har an kai miki cinya, kin aiko kin ce ya yi kitse."

Haka ne kuwa. Ya yi kitse.

A lokacin ne na yi tambayar da ban yi ba tun da aka kifa turmi. Muryata ta fito ƙarama, kamar ta aro.

"To, ragon wa na?"

Sai da Mamman ya zunguri Sanda.

"Naki na, Inna."

Ya yi bayani, kai a ƙasa. Da safen nan ya sami mota mai tahowa tare da wasu motoci, kuma kun san hanya yanzu, ba a barin motar yau don ta gobe. Ya kawo ragon, ya ɗaure shi inda aka ce, da abin da aka ce. Mamman ya sani, amma sun ga ina fama da baƙi, suka ce a bar ni sai an watse.

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi dariya da ya fi sauƙi. Gida ya yi tsit har ana jin tuwo yana tafasa shi kaɗai. Wata kaza ta ratsa tsakiyar da'ira, ta tsaya ta dube ni da ido ɗaya, ta wuce.

Na waiwaya neman ƙofa. Na ce, a hankali, shi dai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malam Iro ya ce an hana kiran sunan nan a gidan nan, kuma ba shi ya hana ba. Na juya wajen Sanda, ban ma buɗe baki ba, wata tsohuwa daga Bungudu ta ce sau biyu fa ya faɗa. Na tuna cewa Hajiya ta ga ragon kafin ta duƙa, sai na tuna kuma wanda ya ce baƙo makaho ne. Duk ƙofar da na taɓa, sai in tarar ni na sa mata sakata, ta waje. Saura guda. Na dubi Hajiya Kulu na ce, ai dama Hajiya ta yafe tun farko.

Hajiya ta gyara hannunta a kan cinya. Haƙorin Makka ya ɗan leƙo, ya koma.

"Alkaliya ta ce wanda bai san wa ya yafe wa ba, bai yafe wa kowa ba," in ji ta. "Yanzu na sani. Ina son furata da kauri. Ba a cika mata ruwa."

Na sauka daga kan turmi. Na tsaya tsaye gaban jama'a, da igiya a hannu, na ba da haƙuri da bakina, kamar yadda hukunci ya ce. Sai a lokacin dariya ta ɓalle, daga wajen 'yan Bungudu ta fara, ta zagayo. Aka fito da Rabi lulluɓe, kafaɗunta suna rawa, mata suna ta ba ta haƙuri, suna cewa kowa da haka ta bar gida. Ni da na raine ta na san ba kuka take yi ba.

Mamman ya ce matarsa za ta je a madadina, tunda hukunci ya ba da wannan dama. Na ƙi. Wanda ya yanka da hannunsa ya feɗe da hannunsa. Haka aka kai mutum biyu Bungudu a mota ɗaya, amarya da kakarta, kowa da ƙunshin kayanta. Ita aka kai ta ɗakin miji, ni aka kai ni ɗakin Hajiya.

Ba zan faɗi tsawon zaman ba, ƙashin tsofaffi ba ya sauri. Na dama fura, da kauri. Na yi wanki. Na ɗaura kallabi, a kwance a ce ya karkace, in sake. Na sosa bayan da hannun hagu ba ya kaiwa. Da aka kawo soyayyen naman ragon, ni nake yayyaga mata shi, tana ci tana cewa ashe kiwon Bilbis ya fi na ko'ina. Duk wanda ya zo dubiya, sai ta nuna ni ta ce ga alkalin, ga mai ragon, ga kuma ɗan sarƙan, a gaishe su gaba ɗaya.

Wata rana da hantsi, ina tsefe mata kai, ta ce ita abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Shari'ar da na yi ba ta da aibi, kowace gaɓa ta zauna. To yaya aka yi mai sani irina ba ta fara da tambayar mai rago ba? Ai ko yaro ya san alkali da wannan yake farawa: wa ke ƙara, wa ake ƙara, dabbar ta wace ce.

Na ce da wannan yake farawa?

Ta ce da me zai fara?

Na tsaya da tsinke a hannu. Sai a ranar na gane. Duk shekarun da na yi a jikin tagar nan, ban taɓa jin farkon shari'a ba, ko sau ɗaya. Lokacin da alkali ke tambayar wane ne wane, ni ina tsame ƙosai. Kafin in sauke kasko an riga an san mai laifi, saura a yi masa faɗa. Ashe rabin alkali ce ni, kuma rabin baya.

Yanzu ga yadda kowa ya ƙare.

Hannun Hajiya Kulu ya warke, sai dai in an yi sanyi yana tuna mata da ni, sai ta sa a kira ni a waya in ji. Ranar da aka kwance karare ta ce yanzu ta yafe, kuma ta san wa ta yafe wa. Mun zama aminai, irin amincin da ɗaya ke da abin faɗa a kan ɗaya.

Rabi ba a taɓa kiranta 'yar gidan da aka karya Hajiya ba. Jikar Alkaliya ake ce mata. Surukinta ya ce gidan da tsohuwarsa ke yanke wa kanta hukunci ta kuma cika shi, gida ne da za a sake neman aure a cikinsa. Ya faɗa ba dariya, amma an ce da ya shiga ɗaki ya yi. Yanzu tana goyon ɗa namiji, kuma tana rufe tukunya.

Sanda, in zai kawo ko ɗan akuya ne, da sarƙarsa yake zuwa, ba ya shawara da kowa. Mamman ya daina tari. In yana da magana, daga bakin zaure yake faɗa, kowa ya ji. An matsar da turke can ƙarshen gida, nesa da rariya, an sa wa rijiya murfi, an kuma yi mata sabuwar igiya.

Malam Iro ya sayi wani farin rago. Yana biyowa ta ɓaraka, yana cin shanya. Ni na sa aka toshe ɓarakar, da karan gidana, ban ce uffan ba. In mun haɗu a hanya yakan gaishe ni da ladabi, ya tambayi ido, ya tambayi ƙafa, sannan ya ce ko akwai abin da za a maimaita.

Rago an cinye shi. Shi kaɗai ne a cikinmu bai taɓa ɓoye halinsa ba.

Ni kuwa har gobe Inna Alkaliya ake ce mini, ko da yake yanzu akwai wani ɗan ja da ake yi wa sunan. In an zo da ƙarar ɓarna, nakan tambaya tun daga bakin ƙofa, dabbar ta wace ce. Kuma kafin a amsa, nakan ce a ba ni ɗan lokaci, in zagaya bayan rumbu in dawo.

Ga kunnuwanku nan, na mayar. Kowa ya je ya taɓa igiyarsa.